Naushi ko shuri: wanne ya fi amfani wajen kare kai?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce in mutum ya tare ka da faɗa da gaske, naushi ya fi ko shuri. Ni dai ina goyon bayan amfani da hannu.

Dalilina ƙafa ce. Da ka ɗaga ta, nauyinka duka ya koma kan ƙafa ɗaya. In ƙasa na da santsi, ko ya cafke ƙafar, ka faɗi, kuma wanda ke ƙasa shi ake tattakewa. Ga shi irin wannan faɗa a kusa-kusa ake yinsa, ba filin miƙe ƙafa. Shurin da na yarda da shi na ƙasa ne, a ƙwauri ko gwiwa, don ka samu hanyar gudu.

Amma naushi ma da nasa haɗarin. Ƙasusuwan hannu ƙanana ne, ƙoƙon kai kuwa tauri gare shi. Wanda bai iya ba yakan karya ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, shi ya sa 'yan damben zamani ke naɗe hannu su sa safar hannu. Gindin tafin hannu ya fi aminci. Kuma naushi ɗaya na iya kayar da mutum, kansa ya bugi siminti ya mutu, ka tsinci kanka a kotu.

In ka ga wuƙa a hannun wanda ya tare ka, ba shi abin da yake nema ka tsira.

Don Allah nemi mai horarwa, bidiyo ba ya koyar da wannan. In an buge ka a kai, ka ji jiri ko amai, wuce asibiti nan take.