Abin Da Ke Share Wa Cuta Fage: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, barka da aiki. A takardar da aka ba ni a asibiti na ga an rubuta kalmar predispose kusa da ciwon suga, kuma mahaifiyata ta shekara 12 tana fama da shi. Na kamu ke nan? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, domin wannan kalma ba ta nufin kin kamu. Aikatau ce ta Turanci da likitoci ke amfani da ita idan suna so su ce wani abu ya share wa cuta fage, wato ya sa jikin mutum ya fi na wani saurin karɓarta idan dalilinta ya zo. Ki duba busasshiyar ciyawa a lokacin rani: bushewar ba ita ce gobara ba, amma idan tartsatsi ya faɗa mata ta fi ɗanya saurin kamawa. Tarihin gidanku shi ne bushewar. Ƙiba, musamman ta tumbi, da yawan zama wuri ɗaya, da ciwon suga da ya taɓa bayyana lokacin goyon ciki, duk suna ƙara ta.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane da yawa, da zarar sun ji an ambaci gado, sai su saki jiki su ce ai aikin gama ya gama, alhali binciken da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu haɗarin kamuwa waɗanda suka rage nauyi kuma suka riƙa motsa jiki kamar minti 150 a mako sun rage yiwuwar kamuwarsu da kashi 58 cikin ɗari. Ki je a auna miki suga da safe kafin ki karya kumallo. Idan awon ya kai 126 a ma'aunin mg/dL ko ya haura, kuma aka maimaita aka sake samun haka, to a nan ne za a ce ciwon ya shigo. Kafin nan ki rage lemon kwalba da sukarin da ake zuba wa koko da fura, ki kuma riƙa taka ƙafa kullum.

Tambaya: Ni da wadda zan aura dukanmu AS ne. Shin wannan ma share fage ne kawai, wanda kula da abinci zai iya kawar da shi? Daga wani saurayi a Gusau.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, sikila dabam take, kuma ba zan ɓoye maka ba. Gado ce kai tsaye, babu abinci ko motsa jikin da ke sauya ta. A kowane ciki da matarka za ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai cutar sikila, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, saboda haka haihuwar lafiyayyu uku ba ta ba da tabbacin komai game da na huɗu. Ku sake gwajin a wani wurin da aka amince da shi, sannan ku zauna da likita da iyayenku tun kafin a kai lefe.

Tambaya: Mahaifina mai ciwon suga ne, yanzu kuma an ce yana da tarin fuka. Sugan ne ya jawo masa? Daga Bauchi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ƙwayar cuta ce da ake shaƙa a iska take haddasa tarin fuka, suga kuwa garkuwar jikinsa ya raunana, shi ya sa masu ciwon suga suka ninka sauran mutane sau biyu zuwa uku wajen kamuwa. Ya sha maganin tarin na wata 6 ba fashi ko da ya ji sauƙi, a ci gaba da lura da sugansa, kuma a kai duk mai tari a gidan a duba shi.