Magungunan da ke kwarara cikin koguna na sauya halin kifi?

Malam, ka tambaya ko da gaske ne maganin da mutane ke sha yana taɓa halin kifi. Ƙwarai kuwa. Jiki ba ya narkar da magani duka, ragowar tana fita ta fitsari, kuma yawancin matatun ruwan ƙazanta ba a gina su don cire irin wannan ba.

A 2013 masu bincike a Jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin sun gwada oxazepam, maganin rage fargaba, a kan kifi. Sai kifayen suka rage tsoro, suna barin garke, suna cin abinci da sauri. Kada ka ɗauka alheri ne. Kifin da ya bar 'yan'uwansa shi manyan kifaye ke fara cafkewa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne gwajin ƙasar Cek na 2021. An ajiye kifi mako 8 a ruwa mai ɗan methamphetamine, wata muguwar ƙwaya mai sa maye, da aka fitar da su sai suka riƙa neman ruwan mai ƙwayar, tamkar mashayi.

Sinadarin maganin hana ɗaukar ciki kuma yana sa mazan kifi su fara samar da ƙwai.