An warkar da ɓera, amma ba a warkar da mutum ba: ina amfanin gwajin?

Tambaya: Likita, sau da yawa ina jin an ce an magance cutar Alzheimer, wato cutar mantuwa, a jikin ɓeraye, amma har yau babu maganin da ke warkar da ɗan Adam. To me ake samu a gwaji kan dabbobi?

Amsa: Malam, ka taɓo inda ke yi wa masu binciken kansu ƙaiƙayi. Shi ɓera ba ya kamuwa da wannan cuta don kansa. Shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, ita kuwa cutar takan yi shekaru da dama tana ruruwa a ƙwaƙwalwar mutum kafin mantuwa ta fito fili. Don haka sai a dasa masa gurɓatacciyar ƙwayar gado ta mutum, irin ta iyalan da cutar ke bin jininsu, har furotin ɗin amiloyid, wanda ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar, ya taru masa a ƙwaƙwalwa. A 1995 aka samu irin waɗannan ɓeraye. Sai dai waɗancan iyalai 'yan ƙalilan ne, yawancin masu cutar da tsufa ta zo musu.

Dubi ma yadda ake auna mantuwar. A saka ɓera cikin baho mai ruwa fari kamar madara, a ga ko zai tuna inda aka ɓoye ɗan dandamalin da zai hau ya huta. Ina wannan, ina dattijuwar da ta kasa gane ɗan cikinta? Rigakafin AN1792 ya share amiloyid a ɓeraye sarai, amma a 2002 aka dakatar da gwajinsa bayan ƙwaƙwalwar wasu mutanen da aka yi wa ta kumbura.

Duk da haka ban yarda a ce aikin banza ne ba. Dabba na amsa tambaya idan an taƙaita tambayar a kan abu guda. A 1957 Arvid Carlsson na Suwidin ya ba zomaye maganin reserpine, mai ƙarar da wasu sinadaran ƙwaƙwalwa, suka yi laƙwas, kunnuwa a zube, ba motsi. Da ya yi musu allurar dopa, sinadarin da jiki ke mayarwa dofamin mai taimaka wa ƙwaƙwalwa sarrafa motsi, ba a jima ba suka miƙe, kunnuwa tsaye. Daga nan aka kama zaren cewa ƙarancin dofamin ne ke daskarar da masu cutar Parkinson, wato cutar karkarwa da sandarewar jiki. Ya samu kyautar Nobel a 2000, kuma har gobe L-dopa, wani nau'in wannan dopa, shi ne babban maganin da muke rubuta musu, ko da yake ba ya hana ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ci gaba da mutuwa.