Gangaren Layi: Me Ya Sa Waya Ta Ba Ni −1,5?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi, ina shirin jarrabawar BEPC. An ba mu 3x + 2y = 12, aka ce mu nemo gangaren layin. Na rubuta 3, manhajar lissafi ta GeoGebra a wayar yayana ta nuna −1,5. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗiyata, wayar ce ke da gaskiya. Lambar da ke gaban x ba ta zama gangare, wato abin da malamanku ke kira coefficient directeur, sai y ta tsaya ita kaɗai a gefe guda. Ki mayar da 3x ɗaya gefen, alamarta ta juya: 2y = −3x + 12. Ki raba kowane ɓangare da 2: y = −1,5x + 6. Gangaren −1,5 ne, ma'ana duk taki ɗaya zuwa dama, layin ya sauka taki ɗaya da rabi. Nan ɗalibai suka fi faɗuwa: su raba 12 da 2, su manta da −3x.

Ki tabbatar da hannunki, don ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. In x = 0, y = 6; in x = 2, y = 3. Sai ki raba bambancin y da bambancin x: (3 − 6) ÷ (2 − 0) = −1,5. Kada ki bar baka biyun nan! In babu su, na'urar lissafi za ta fara da rabawa, ta ba ki sifili.

A GeoGebra, ki rubuta d: 3x + 2y = 12, a layi na biyu Pente(d), in manhajar tana Faransanci. Da zarar an sauke ta, tana aiki ba intanet.

Ga mai kwamfuta, Excel na Faransanci ma yana da PENTE. A sa x (0 da 2) a A1 da A2, y (6 da 3) a B1 da B2, a rubuta =PENTE(B1:B2;A1:A2). Y ce farko, kuma waƙafi mai ruwa ne a tsakani. In aka juya su, −0,67 za ta fito, kuma Excel ba zai yi gargaɗi ba.

Layi kamar x = 4 kuwa a tsaye yake kyam, ba shi da gangare; Excel zai nuna #DIV/0!. Kada ki rubuta 0 a takardarki, wannan na layi kwance ne, irin y = 4.