Me Ya Sa Giɓin Ciniki Bai Durƙusar da Amurka Ba?

Tambaya: Malam, na ji an ce shekara da shekaru Amurka na sayen kayan waje fiye da abin da take sayarwa. Wata ƙasa in ta yi haka, kuɗinta faɗuwa yake yi, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya shigo mata da sharuɗɗa. Ita me ya tsare ta?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. Rabon Amurka da rara a cinikinta da duniya tun 1975. Abin da ya raba ta da saura shi ne da kuɗinta take cin bashi. Ƙasar da ta ranci dala sai ta nemo dala ta biya, Amurka kuwa ita ke buga ta.

Tushen abin taron Bretton Woods ne na 1944, inda wakilan ƙasashe 44 suka amince a ɗaure kuɗaɗen ƙasashe da dala, ita kuma aka ɗaure ta da zinare, oza ɗaya dala 35. Tun wajen 1960 masanin tattalin arziki Robert Triffin ya hango tarkon: duniya na bukatar dala don ciniki da ajiya, ba za ta same ta ba sai Amurka ta fitar da dala fiye da wadda ke shigo mata, yawan dalar kuma shi zai sa a fara shakkar zinaren da ke bayanta. Haka aka yi. A watan Agustan 1971 shugaban Amurka Nixon ya dakatar da musayar dala da zinare. Zinare ya fita, dala ta zauna daram. Har yau fiye da rabin ajiyar kuɗin waje na manyan bankunan ƙasashe dala ce.

To, ƙasa mai rara, ina za ta kai dalar da ta tara? Akasari takardun bashin gwamnatin Amurka take saya. Ajiyar Sin ta kusa dala tiriliyan 4 a 2014. Wato kuɗin da Amurka ta biya na kaya sai ya dawo mata a matsayin rance, ta sake sayayya da shi.

A ganina, inda tsarin ya karkace shi ne mai giɓi kaɗai ake matsa wa. Keynes, wakilin Birtaniya a taron Bretton Woods, ya so a ƙirƙiri kuɗin duniya mai suna bancor, a riƙa cin tarar mai rarar da ta yi yawa kamar yadda ake cin mai giɓi. Amurka, wadda a lokacin ita ce mai rarar, ta ƙi. Yau ita ke kuka da rarar Sin da Jamus.

Ƙarin harajin fito ba ya cike giɓin, matuƙar ƙasa na kashe fiye da abin da take samarwa. Daga wannan abokin ciniki kawai yake komawa wancan. Ko yarjejeniyar Plaza ta 1985, da manyan ƙasashe suka ƙulla don rage darajar dala, wadda ta ɗaga darajar yen, kuɗin Japan, sosai, ta rage giɓin Amurka na ɗan lokaci ne, rarar Japan kuma ba ta gushe ba.