Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Kare Ke Haki, Raƙumi Kuwa Ko A Jikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk lokacin bazara nakan ga karen gidanmu ya zaro harshe yana ta haki ko da bai yi gudu ba, kaji su ma su buɗe baki su saki fukafukai, amma raƙuman da ke wucewa ta ƙofar gidanmu da tsakar rana ko a jikinsu. Mene ne dalilin wannan bambanci? Daga wata mai karatu a Azare.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki dubi randar da ke ɗakinki, wadda ruwa ke tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Haka gumi yake yi wa mutum da doki. Kare kuwa ba ya gumin kirki sai ɗan kaɗan a tafin ƙafafunsa, don haka yake shigar da iska da sauri ta kan jiƙaƙƙen harshe da maƙogwaro, danshin ya bushe ya tafi da zafin jinin da ke gudana a wurin. Kaza ba ta gumi ko kaɗan, shi ya sa take haki tana ɗaga fukafukai domin iska ta ratsa inda gashi bai yi yawa ba.

Sai dai wannan dabara tana cin ruwa, ruwa kuwa shi ne abin da raƙumi ba ya wasa da shi. Masanin halittu Knut Schmidt-Nielsen, wanda ya yi bincike a hamadar Aljeriya a shekarun 1950, ya gano cewa raƙumin da ke cikin ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya hau daga kimanin digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da yamma, wato ya tara zafin a jikinsa maimakon ya kashe ruwa wajen yin gumi, sa'annan ya sauke shi cikin sanyin dare. Tozonsa kuma kitse ne, ba ruwa ba kamar yadda ake yawan faɗa, kuma tara kitsen wuri guda yana barin sauran jiki ya fitar da zafi cikin sauƙi.

Giwa, irin wadda ake gani a Yankari, kunnuwanta ne mafifici, domin cike suke da jijiyoyin jini. Shamuwa kuwa, a gafarce ni, kashi take yi wa ƙafafunta, in ya bushe ya sanyaya su.

Kajinki ne suka fi bukatar kulawa, domin hakin da ya daɗe yana rage musu ƙwai, har yakan kashe su. Ki ajiye musu ruwa mai sanyi a inuwa, ki riƙa canza shi, ki buɗe akurki iska ta shiga, abinci kuma a ba su da sassafe ko bayan la'asar.