Ga mai tambaya kan RTX 3050 da wasan da muke jira

Ɗan'uwa, wallahi tambayarka ta fama mini tsohon gyambo. Ka ce laftof ɗinka tana da katin zana hoto RTX 3050 mai memori 4GB da RAM 8GB, su kuma masu wasan sun rubuta cewa mafi ƙarancin abin da zai ɗauke shi kati ne mai 6GB da RAM 16GB da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, kana tambaya ko ka biya tun yanzu ka ƙara RAM, ko ka sayar da ita ka nemi wata kafin ranar fitowa. Na ga wasu sun ba ka amsa da layi ɗaya, wai "canza na'ura kawai". Allah Ya ba su haƙuri, ba su san yadda mutum ke ji ba idan ya shekara yana kallon tallan wasa, sannan aka fitar da jerin buƙatu ya ga na'urarsa ko a layin ƙasa ba ta samu shiga ba.

Kada ka biya yanzu. Wannan shi ne na farko, ko ba ka karanta sauran surutuna ba. Biyan kuɗin wasan da bai fito ba cinikin biri a sama ne. Kuma kada ka yi gaggawar sayar da laftof ɗin, domin a irin wannan gaggawar aka cuce ni.

Ni ma akwai wasan da na ƙwallafa rai a kansa. Da jerin buƙatu ya fito na ga an rubuta RTX 3060 a layin da suka ba da shawara, sai na rabu da tsohuwar na'urata na je wurin wani mai sayarwa da aka ce mini ya san kan abin. Na karanta masa jerin da bakina. Ya ɗauko wata laftof siririya mai kyan gani, ya nuna mini tambarin RTX 3060 a jikinta, ya ce ai wannan ko wasan da za a yi nan da shekara biyar za ta cinye shi. Na tambaye shi VRAM, wato memorin katin kansa, nawa ne. Ka san abin da bawan Allah nan ya yi? Ya buɗe Task Manager, shafin Windows da ke nuna aikin na'ura, ya ɗora yatsa a kan inda aka rubuta 13.9GB, ya ce, "Ka gani da idonka, ta ma fi kwamfutar tebur." Har yau ina ganin yatsan nan. Ya san sarai cewa wannan lambar jimilla ce, 6GB na katin kansa ne, sauran kuma aro ne daga RAM, tunda Windows kan ware wa kati har rabin RAM ya riƙa ara idan ya matsu. Lambar gaskiya tana nan a kan allon, kusa da inda ya ɗora hannu, ya rufe ta da tafinsa. Mutumin da ke wannan sana'a kullum ba zai ce mini bai sani ba.

Daren da wasan ya fito, abokaina duk sun shiga, muna magana ta murya, kowa na ihu. Ni ina zaune ina kallon sandar nan da ke cika a hankali, wasa yana shirya wa kati umarnin zane na karon farko. Fanka na kuka har waɗanda muke magana da su suna tambaya mene ne ke ƙara a wurina. Da ƙyar ya buɗe. Farkon wasan cikin wani ɗaki ne, komai lafiya lau, har na fara murmushi. Ina buɗe ƙofa na fito fili, sai komai ya tsaya cak, ya motsa, ya sake tsayawa. Fuskokin mutane kamar an shafa musu laka, rubutun jikin bango bai fito ba, sai na tsaya a gabansa na jima sannan ya bayyana. In na juya kamara, hoto ya cije. Na rage saiti, ya faɗi ya dawo da ni Windows. Na sake shiga, ya sake fara wancan shirin daga farko. Kafin in gane inda matsalar take, lokacin da ake iya mayar da wasa a karɓi kuɗi ya wuce, alhali ban yi wasan kirki ba ko na kwata. Abokaina suna cewa "ina kake, muna jiranka", ni kuwa na ce musu barci nake ji. Ba barci nake ji ba, baƙin ciki ne ya tokare mini maƙogwaro.

Na koma wurin mutumin. Da farko ya ce direban kati ne, in sabunta. Na ce na sabunta. Ya ce to Windows ɗin ne, a sake ɗora shi. Aka sake. Daga nan ya koma cewa ai wasan ne ba a gama shi ba, kowa na kuka da shi. Da na nuna masa 6GB ɗin da ya rufe, sai ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ce mini VRAM ba ne, "memori" ya ce. A gaban mutane ya faɗi haka, yana danna waya, ko kallona bai yi ba. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, wannan dariyar ce. Daga baya ya daina ɗaukar kirana. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba tukuna, gaskiya ke nan.

Kuma ba VRAM kaɗai ya ɓoye ba. RTX 3060 na tebur da aka fara fitarwa 12GB gare shi, na laftof 6GB. Sannan na laftof ɗin ma ba ɗaya ba ne, ana saita wutar da yake ja tun daga wat 60 har zuwa 115, gwargwadon yadda na'urar ke iya fitar da zafi. Tawa siririyar tana can ƙasa. Suna ɗaya, tambari ɗaya, ƙarfi daban. Jerin buƙatun da kamfanoni ke fitarwa kuwa kusan kullum katin tebur suke nufi. Naka 3050 ɗin ma haka yake, akwai mai wat 35, akwai mai kaiwa 80. Ka buɗe NVIDIA Control Panel, ka shiga wurin bayanin na'ura a ƙasa ta hagu, za ka ga iyakar wutar da katin ke ja. Kuma da RAM 8GB, Task Manager zai nuna maka kusan 8GB a jimillar memorin kati, kada wani ya ruɗe ka da wannan, 4GB ne naka.

Ba zan yi maka daɗin baki ba, 4GB ya yi kaɗan, kuma shi ne abu ɗaya da ba ka da yadda za ka ƙara a laftof. Idan VRAM ya cika, ba wai wasa zai ɗan rage gudu ba ne kawai, a'a, katin zai riƙa kai da kawowa tsakaninsa da RAM, wanda ya fi shi jinkiri nesa ba kusa ba, shi ne wannan cijewar da fuskokin laka. Amma "mafi ƙaranci" ba kullum yake nufin ƙofa a rufe ba. Iri biyu ne. Akwai wanda in ba ka kai ba wasan zai buɗe amma da wahala, akwai wanda ba zai buɗe ba sam. Indiana Jones and the Great Circle da ya fito a Disamba 2024, da Doom: The Dark Ages na Mayu 2025, dole sai katin da ke da fasahar bin sawun haske, don haka masu GTX 1060 da 1660 babu su a lissafi. Alan Wake 2 a Oktoba 2023 ya zo da wata hanyar zana siffofi da katunan GTX 10 ba su da ita, ya riƙa rarrafe a kansu, sai a Maris 2024 aka yi masa facin da ya sauƙaƙa musu. Kai naka RTX ne, duk waɗannan fasahohi yana da su, har da DLSS, wato fasahar da ke zana hoto ƙarami ta buɗa shi ya zama babba don sauƙaƙa wa kati. Matsalarka wurin ajiya ne, ba rashin fasaha ba. Wannan ya fi sauƙi, ko da yake ba alkawari nake maka ba.

Abin da ke ba ni haushi da jerin nan shi ne ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ka koma ka duba, a wane girman hoto, a fps nawa, wato hotuna ko firam nawa ke fitowa a daƙiƙa ɗaya, da wane saiti? Ku tuna Monster Hunter Wilds kafin ya fito a Fabrairu 2025. Mafi ƙarancinsa 1080p ne a rubuce, amma daga 720p aka buɗa shi, a fps 30, a saiti mafi ƙasa. Wanda suka ba da shawara kuwa, fps 60 ɗin sai an kunna ƙirƙirar firam, wato na'ura ta riƙa cusa hotunan hasashe tsakanin na gaske. To ina amfanin lambar da rabinta na'ura ce ke cikewa da hasashe? AMD, kamfanin da shi ma ke ƙera irin waɗannan katuna, da kansu sun ce a samu kusan fps 60 na gaske kafin a kunna ta. In ka kunna ta daga 25, ido zai ga santsi, hannu zai ji nauyi, ka danna maɓalli sai daga baya abin ya faru. Kuma ita ma VRAM take ci, wanda kai ba ka da rara. Ƙirƙirar firam ta DLSS ma ba ta aiki a katunan RTX 30 irin naka, sai dai ta FSR, wato ta AMD. Ka manta da ita kawai. Abin da na yaba wa masu Monster Hunter Wilds shi ne sun fitar da manhajar gwaji kyauta kafin ranar, kowa ya auna tasa. In masu wannan wasan suka yi haka, ko suka buɗe gwajin jama'a, to ka samu amsar da ta fi ta duk wanda ke cikin zauren nan, har da ni.

Ni fa na gaji da yadda aka mayar da mu 'yan gwaji. Batman: Arkham Knight a Yuni 2015 sai da aka janye shi daga kasuwar kwamfuta, bai dawo ba sai Oktoba. Cyberpunk 2077 ya fito 10 ga Disamba 2020, kafin wata ya ƙare Sony ta cire shi daga shagon PlayStation, bai koma ba sai Yuni 2021. The Last of Us Part I a kwamfuta, Maris 2023, masu kati 8GB ma kuka suka yi, sai da aka yi ta faci kafin cin VRAM ɗin ya sauka. Duk ukun yau suna gudu fiye da ranar farko. Wanda ya jira ya samu wasa mafi kyau a kan na'ura iri ɗaya. Wanda ya yi rige-rige shi ya sha wuya, shi ya aika musu rahoton matsala kyauta.

RAM ɗin kuwa ka ƙara, ko da wasan nan ko babu shi. 8GB a yau Windows da burauza kaɗai sun kusa cinye shi. Amma ka fara duba ko akwai gurbi na biyu, don wasu laftof ɗin an like RAM ɗin a jikin allon na'ura. In akwai, sa wani 8GB mai gudu iri ɗaya su zama biyu, don sanda biyu sun fi sanda ɗaya mai 16GB, furosesa na samun hanya biyu maimakon ɗaya. Wannan ma mutumin can sanda ɗaya ya sa mini, bai faɗa ba. Da na gyara shi, cijewar ta ragu sosai a wurare masu cunkoso.

Saura kuma ƙananan abubuwa ne da kowa ya sani amma ake mantawa. Caja a jiki kullum, a kan batir katin ba ya ba da ƙarfinsa. Kada ka ɗora ta a kan katifa. Ɗaga bayanta kaɗan iska ta shiga, ka sa a share ƙurar fanka in ta daɗe. SSD ɗin kada ka cika shi maƙil. In wasan ya zo, abin da za ka fara saukarwa shi ne ingancin tekisha, wato fatar da ake lulluɓa wa bango da tufafi da fuska, ita ce ke cin VRAM. Bayanta inuwa, sannan ka kashe bin sawun haske in ana iya kashewa, ka kunna DLSS. Kuma ka kulle fps. Mutane suna raina 30, amma 30 da ke zaune daram, kowane firam na zuwa bayan milisakan 33, ya fi 50 da ke tsalle yana faɗowa 18. Manhajar MSI Afterburner za ta nuna maka layin lokacin firam a kan allo, ka dubi layin, ba lambar ba. In yana da ƙayoyi, akwai matsala ko da lambar na da kyau.

Dokar mayar da wasa a karɓi kuɗi a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ita ce kwana 14 daga saye, kuma kada ka wuce awa 2 kana wasa. Agogon yana tafiya muddin wasan na buɗe, har da zaman jiran wancan shirin farko da lokacin da kake lalube a saiti. Tun Afrilu 2024 kuma, in ka sayi bugu mai tsada da ke ba ka damar shiga kwanaki kafin kowa, wannan lokacin ma yana cikin awa biyun. Saboda haka in ka saya, kada ka tsaya ƙawata fuskar ɗan wasanka, kada ka tsaya kallon labari. Ruga ka kai wuri mafi faɗi da cunkoso da za ka iya kaiwa, ka yi ta juya kamara da sauri. Ɗakin farko kullum yana da sauƙi, nan ake yaudarar mutum.

In kuma daga ƙarshe ka ga dole sai canji, kada ka sayi na'urar da VRAM ɗinta ya gaza 8GB, shi ma 8 ɗin ya fara zama na maleji. Ka tambayi wat nawa kafin ka tambayi launi. Ka karɓi linzamin da hannunka, ka buɗe shafin da kanka, kada ka bari kowa ya nuna maka lamba da yatsa. Ranar da wasan ya fito za a cika YouTube da gwaji, ka nemi wanda ya rubuta 3050 na laftof mai 4GB ƙarara, don akwai na laftof mai 6GB, akwai na tebur mai 8GB, masu bidiyo da yawa ba sa bambancewa a take. Turo mana hoton wat ɗin katinka da na gurbin RAM a nan, in duba maka irin sandar da za ta dace.